Farcen Shaiɗan: Yadda Za Ku Gane Wannan Tsiron Na Hamadar Kalahari

Jama'a assalamu alaikum, ku tsaya ku ji labarin wani abu da ake gani a kan yashin hamadar Kalahari. Mutum zai ɗauka gizo-gizo ne ya bushe, ko wata ƙugiya da maƙeri ya ƙera ya yar, to ba ko ɗaya, ɗan wani tsiro ne, iri ne fal a cikinsa. Turawa suna kiransa devil's claw, wato farcen shaiɗan, masana tsirrai kuma suka sa masa Harpagophytum procumbens, sunan ma daga yaren Girka yake, ma'anarsa tsiro mai ƙugiya. Gidansa yashin Kalahari ne, Namibiya da Botswana da arewacin Afirka ta Kudu, mutanen Botswana suna ce masa sengaparile.

To ya ake gane shi? In da damina ne da sauƙi. Ba ya tashi sama, yaɗo yake a ƙasa kamar guna, rassan su bazu ta ko'ina daga gindi ɗaya, ganyen kore ne mai ɗan toka-toka da tsaga-tsaga a gefe, furen kuma kamar bakin algaita, ja-ja mai shigen shunayya, can ciki da rawaya. Duk wanda ya taɓa ganin furen riɗi ko na karkashi a gona zai ce kai ai na san wannan fasalin, kuma gaskiyarsa, dangi ɗaya suke da riɗi da karkashin da muke miya da shi.

Amma fa da rani ya shigo sai duk abin da ke saman ƙasa ya bushe ya kakkarye, ganye babu, fure babu, tsiron ya koma ƙarƙashin yashi yana rayuwa da ruwan da ya tara a saiwarsa, abin da zai rage a fili shi ne wannan ɗan, shi ya sa ni a ganina in za ka koyi tsiron nan to ka fara da ɗan, don shi ne shaidar da ba ta ɓacewa. In ka duba tsakiyarsa, a baje take, mai tauri kamar katako, sai hannuwa da suka fito jere-jere a gefe, kowane hannu a bakinsa akwai ƙananan ƙugiyoyi da suka lanƙwaso baya, a samansa kuma ƙayoyi biyu a tsaye. Duk ta inda ka ɗauke shi sai ya kama ka.

Me ya kawo wannan ƙira? Ai kun san ƙarangiya yadda take maƙale wa wando, da kashin yawo a jikin tumaki, da tsidau a tafin ƙafa, to dabarar ɗaya ce sai dai wannan ya fi su girma nesa ba kusa ba. Dabba ta taka shi ya damƙe mata kofato, ta yi ta tafiya da shi tana jan sa a ƙasa, ɓawon yana gogewa yana tsagewa, irin yana zuba kaɗan-kaɗan a hanya. Kuma abin da tausayi, don yakan ji wa dabba rauni har ta yi ɗingishi, in ya kama ta a baki ma cin abinci ya gagare ta.

Yanzu ga inda mutane suke ruɗewa, ku saurara da kyau. Akwai wani tsiron daban a hamadar Sonora, wajen Arizona a Amurka da arewacin Meziko, shi ma farcen shaiɗan ake ce masa, sunansa na kimiyya Proboscidea. Nasa ɗan in yana ɗanye kamar kuɓewa yake mai lanƙwasasshen baki, har ci ake yi, in ya bushe sai ɓawon ya zube bakin ya rabe gida biyu, ya zama dogayen ƙahoni biyu masu lanƙwasa, kuma mutanen Tohono O'odham, 'yan asalin wannan yanki, suna tsage baƙin zaren ƙahonin su yi wa kwandunansu ado da shi. Saboda haka ƙirga kawai za ka yi, dogayen ƙahoni biyu na Amurka ne, hannuwa da yawa masu ƙananan ƙugiyoyi na Kalahari ne.

Bambancin nan yana da amfani sosai don na Kalahari shi ne na magani, kuma ba ɗan ake sha ba, saiwa ce. Akwai uwar saiwa da ta nutse ƙasa, a jikinta wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar dankali suke fitowa, su ake tonowa a yayyanka a shanya, ga ɗaci kamar maɗaci. Mutanen San, 'yan asalin yankin Kalahari, sun daɗe suna amfani da ita, yau kuma ana fitar da ita zuwa Turai, musamman Jamus, a yi ƙwaya da shayi don ciwon baya da ciwon gaɓoɓi, Namibiya ce kan gaba wajen fitarwa. Mai gyambon ciki da mai juna biyu ana gargaɗin su guje ta, don Allah kar a ce ai itace ne a sha kai tsaye ba a tambayi likita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tonon, don kasuwa ta sa wasu suna tumɓuke har uwar saiwar, shi kenan tsiron ya mutu. A shekarar 2000 Jamus ta nemi a sa shi cikin tsirran da ake sa wa cinikinsu ido a duniya, ƙasashen yankin suka ƙi saboda talakawan karkara da shi suke samun na abinci, aka janye maganar. A Namibiya sai da takardar izini ake tona shi, kuma abin da ake koya wa masu tono shi ne su haƙa gefe ɗaya kawai, su ɗebi dunƙulen, su bar uwar a wurinta, su mayar da yashi su rufe ramin, sannan su ba gindin 'yan shekaru kafin su sake dawowa kansa.