Hayaniyar da ke saman tabon rana

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka daga birnin Shehu. Malam Bello, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kai kuma ka zo mana da zancen wuri mai sanyi a jikin rana?

Malam Bello: Sanyin nata ne, Hadiza, ba irin namu ba. Fuskar rana kusan digiri 5,500 take, tsakiyar tabon rana kuwa, wato ɗigon duhun da ke bayyana a fuskarta, bai cika kai 4,000 ba. Shi ya sa yake fitowa baƙi.

Hadiza: To me ya sanyaya shi?

Malam Bello: Maganaɗisu. Kin ga yadda kunu ke tafasa, na ƙasa ya taso, na sama ya nutse? Haka rana ke fito da zafinta. A wurin tabo ƙarfin maganaɗisu ya ninka na duniyarmu sau dubbai, sai ya danne tafasar. Masanin taurari George Hale ne ya fara auna shi a Amurka a 1908.

Hadiza: Ke nan wurin lafiya lau yake, shiru.

Malam Bello: Ina! Ai nan ne rigimar take. Maganaɗisun da ya hana zafi fitowa, shi ne kuma ya zama hanyar da girgizar cikin rana ke bi ta hau sama. Can saman iskar ba ta da kauri, sai girgizar ta ƙara ƙarfi har ta zama bugu. Kusan kowane minti 3 sai a ga wurin ya yi walƙiya ya lafa. Tun 1969 aka gano haka. Daga gefen tabon kuma iska na kwarara waje, abin da masanin taurari John Evershed ya hango a Indiya a 1909, amma in kin ƙara hawa sama sai ki tarar tana komowa ciki.

Hadiza: Ikon Allah. Can ƙololuwa fa?

Malam Bello: Waɗanda suka ga husufin 29 ga Maris 2006 a wajen Gusau sun ga wani farin haske ya kewaye rana. Zafinsa ya haura digiri miliyan 1, kuma ya fi tsanani a saman tabo. A ganina wannan ya fi komai ban mamaki.

Hadiza: Gaskiya Malam, mai sauraro a Kasuwar Daji zai ce ina ruwansa.

Malam Bello: Da ruwansa kuwa. In layukan maganaɗisun suka murɗe suka tsinke, rana kan yi aman iska mai zafi zuwa sararin samaniya. A Maris 1989 irin wannan ya kashe wutar lardin Kebek a Kanada na awa 9. Yana kuma dagula GPS da rediyon gajeren zango.

Hadiza: Da hunturu, in hazo ya rufe rana ta koma kamar faifai, a iya leƙa tabon?

Malam Bello: Kul! Hazo ba ya tare abin da ke ƙona ido. Sai da gilashin kallon husufi na musamman.