Amsoshin Tambayoyinku: Ina Kishiyoyin Ƙwayoyin Zarra Suka Shiga?

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Lokaci kaɗan ne, don haka za mu shiga wasiƙu kai tsaye.

Wani ɗalibi yana tambaya ko kishiyar ƙwayar zarra, wato ƙwayar da nauyinta ɗaya da na ƙwayar asali amma cajin lantarkinsu ya saɓa wa juna, gaskiya ce ko tatsuniya. Gaskiya ce, ɗana, kuma da ka duba littafinka da ka ga cewa lissafin Paul Dirac na 1928 ne ya fara nuna ta, Carl Anderson kuma ya gano kishiyar ilektoron, ƙwayar da ke kewaya cibiyar zarra, a 1932.

Tambayar da mutane da yawa suka aiko, wata malama ce ta fi tsara ta: idan ƙwaya da kishiyarta suna halaka juna su koma haske da zarar sun haɗu, kuma daidai wa daida aka samar da su a farkon sararin samaniya, yaya aka yi taurari da mu kanmu muka saura? Malama, masana sun ƙiyasta cewa a cikin kowane biliyan ɗaya na ƙwayoyi, kusan guda ɗaya ce ta yi rara. Bari in maimaita: guda ɗaya cikin biliyan, kuma daga wannan rarar aka samu duk abin da ido ke gani.

Masanin da muka tuntuɓa, maimakon ya faɗi sanadin rarar, sai ya ɗauko tarihi. A 1964, a cibiyar Brookhaven ta Amurka, James Cronin da Val Fitch sun lura cewa wasu ƙwayoyi masu gajeren rai da ake kira kaon ba sa rugujewa daidai da kishiyoyinsu. A 2001 gwaje-gwajen BaBar a Amurka da Belle a Japan suka ga irin wannan bambanci a wasu ƙwayoyin. A cibiyar CERN da ke kusa da Geneva, inda ake sa firoton, ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, su yi karo da juna cikin zoben ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 27, gwajin LHCb ya same shi a 2025 cikin dangin ƙwayoyin da firoton yake ciki. Sai dai duk bambancin da aka auna ya yi kaɗan ƙwarai, bai isa ya bayyana rarar ba, kuma a ganina nan ne ainihin aikin yake.

Wani malam kuma yana son sanin ko kishiyar zarra sama take yi maimakon ƙasa idan aka sake ta. A'a, malam, gwajin ALPHA a CERN ya nuna a 2023 cewa ƙasa take yi. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa.