Jawabin maraba da kwamitin lafiya na mazaɓarmu ya gabatar wa Mai girma Kwamishina ranar da ya kawo mana ziyara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, ranka shi daɗe. Mai girma shugaban ƙaramar hukuma, Mai girma Uban ƙasa Allah ya ƙara maka imani da nisan kwana, hakimai da masu unguwanni, limamanmu, malaman asibiti, iyayenmu mata da suka taho tun da safe da goyo a baya, matasanmu masu aikin sa kai, jama'a baki ɗaya, barkanmu da wannan rana.

Yallaɓai sannu da zuwa, sannu da hanya, mun san hanyar nan tamu ba ta da daɗi musamman yanzu da ruwa ya zauna, amma ka daure ka zo da ƙafarka ba aike ka yi ba, wannan kaɗai ya ishe mu farin ciki. A madadin kwamitin lafiya na wannan mazaɓa da dukkan mutanen garin nan da ƙauyukan da ke kewaye da mu ina maka lale marhabin, gida ka zo.

Tun da an ce ziyarar ta shafi ƙarfafa harkar lafiya ne don a ga bayan maleriya da sauran cututtuka masu yaɗuwa, to ranka shi daɗe ka zo inda ya dace, domin mu nan Kebbi ba labarin masassarar cizon sauro muke ji a rediyo ba, tare da ita muke kwana muke tashi. Binciken ƙasa da aka yi kan maleriya a 2021 ya nuna cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 22 cikin ɗari ke ɗauke da ƙwayar cutar a Najeriya baki ɗaya, a Legas wajen kashi 3 ne kawai, amma a jiharmu kashi 49, wato kusan yaro ɗaya cikin biyu, a binciken nan mu ne a sama a duk ƙasar. Ita kuma Najeriyar ita ce a sama a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 597,000 cutar ta kashe a 2023, kuma kusan uku cikin kowane goma 'yan ƙasar nan ne, akasarinsu ƙananan yara. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, Allah ya yi mana arzikin ruwa da fadama, daga Argungu har Suru har Yawuri shinkafa muke nomawa damina da rani, ruwan nan da ke kwance a gona wanda muke cin abinci da shi, a cikinsa macen sauro ke zuba ƙwai, cikin kamar kwana goma sai ga sabon sauro ya tashi. Ba za mu bar noman shinkafa ba, kuma ba wanda zai ce mu bari, saboda haka dole a nemo yadda za mu zauna da fadamarmu ba tare da muna binne 'ya'yanmu duk damina ba.

Gaskiya an yi ƙoƙari kuma muna gani. An raba gidan sauro mai magani gida gida. Duk damina 'yan sa kai na zagayawa wata wata suna ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 maganin nan na rigakafi da ake sha kwana uku, na farko a gabansu, sauran biyun a bar wa uwa, kuma duk uwar da ke nan za ta shaida yaran da ke shan sa a kan ƙa'ida ba su cika kwanciya ba. Sai kuma babban abu, a watan Disamba na 2024 aka fara allurar rigakafin maleriya a Najeriya kuma da Kebbi da Bayelsa aka fara, allurar R21 da masanan jami'ar Oxford ta Ingila suka haɗa ake sarrafa ta a Indiya. Maƙwabtanmu na Gaya a Nijar sun ɗan riga mu farawa da 'yan watanni. Iyayenmu ba su ga wannan ba, mu mun gani, Alhamdulillahi, kuma muna godiya ga gwamnati da duk wanda ya sa hannu.

To amma yallaɓai ga maganar da mutanen garin nan suka ɗora mini in faɗa maka, kuma ita ce ainihin jawabin nawa. Duk waɗannan abubuwa kamfen ne, shi kuwa kamfen kamar ruwan sama yake, ya zo ya jiƙa ƙasa ya wuce, ƙaramin asibitin nan da kake gani a bayanka shi ne rijiyarmu, shi ke nan dare da rana rani da damina. Masassara ba ta jiran ranar kamfen. Ƙarfe biyun dare take kama yaro, jiki ya yi zafi rau, ya fara amai, kafin asuba ya fara jijjiga idanu su kakkafe, uwa ta saɓa shi a kafaɗa uba ya tada babur, abin da za su tarar a bakin ƙofar asibitin nan a wannan sa'ar shi ne zai raba tsakanin rai da mutuwa da izinin Allah. In sun tarar da ma'aikaci a farke, da fitila, da abin gwaji, da allurar atesunet ta maganin maleriya mai tsanani a kabad, yawanci yaron nan zai tashi. In sun tarar da kwaɗo a ƙofa sai su juya wajen mai kemis ko wajen mai tofi da hayaƙi, domin har yanzu da yawa cikinmu in yaro ya yi jijjiga iska muke fara zargi ba sauro ba, kafin a farga jini ya ƙare a jikin yaron, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, saboda ƙwayar cutar bayan ta gama zamanta a hanta jini take shiga tana fasa jajayen ƙwayoyinsa. Yaron da ya kai wannan hali ƙarin jini yake bukata, mu kuwa ba ma ƙarin jini a nan sai an tafi babban asibiti, ga hanya ga ruwa ga kuɗin mota.

Ita kanta allurar rigakafin da muke murna da ita sau huɗu ake yin ta, yaro na wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15. Ta farko ba ta da wuya, ana shela a masallaci mata su cika wurin nan, matsalar ta huɗun ce, wata takwas bayan ta uku, lokacin uwa ta manta ko katin ya jiƙe ko an koma gona. Wa zai tuna mata? Sai ma'aikacin da ke da rijista a gabansa ya duba ya ga wane da wance ba su dawo ba ya tura a bi su gida. Kuma allurar sai da sanyi take zama, in firij ya mutu ko batirin sola ya yi rauni to an yi asara. Kun ga ke nan ko allurar ma kan asibitin nan ta dogara, kuma masana sun faɗa ba ta maye gurbin gidan sauro da magani, haɗa su ake yi.

Abin da ya fi damunmu ranka shi daɗe shi ne ma'aikata. Malamanmu na nan wallahi suna ƙoƙari fiye da ƙima, mutum ɗaya shi ne mai yanka kati shi ne mai gwaji shi ne mai allura, in haihuwa ta zo cikin dare shi za a buga wa ƙofa, wasu cikinsu ma 'yan sa kai ne sun gama makarantar koyon aikin lafiya suna jiran a ɗauke su. Muna roƙo a ɗauki 'ya'yanmu na nan yankin musamman mata, ungozoma da nas, a gina musu wurin kwana kusa da asibiti, don 'yar gari ba ta neman canjin wurin aiki bayan wata uku, kuma matanmu sun fi sakin jiki su zo awo in mace za su tarar. Awon nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a yaƙi da maleriya, a nan ne mai ciki ke karɓar ƙwayoyin Fansidar daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin ta haihu, su kare ta daga ƙarancin jini su kare jaririn daga zuwa ɗan mitsitsi.

Sai gwaji da magani. Digon jini ɗaya daga ɗan yatsa, minti goma sha biyar zuwa ashirin an san ko maleriya ce ko ba ita ba, abu mai sauƙi, amma in abin gwajin ya yanke sai a koma canki-canki. Ka shiga kemis ka ce jikinka da zafi, kafin ka rufe baki an ce maleriya da taifot ne an haɗo maka leda guda, wani ya sha kwana ɗaya ya ji sauƙi ya ajiye sauran don gaba alhali maganin maleriyar sau shida ake shan sa cikin kwana uku. Wannan ɗabi'ar tana ba ni tsoro, domin mun ga yadda kulorakwin ya daina aiki har ƙasar nan ta sauya shi wajen 2005, yanzu kuma an fara ganin alamun ƙwayar cutar na yi wa sabon maganin taurin kai a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. In muka kashe wannan da hannunmu me za mu ba yaranmu? A tabbatar abin gwaji da magani ba sa yankewa musamman daga Yuli zuwa Oktoba, a kuma ja masu kemis a jiki a koya musu gwaji kafin sayar da magani, don ko mun so ko mun ƙi wurinsu mutane ke fara zuwa.

Kuma asibitin da ya iya kama maleriya shi ne zai kama sauran. Ba mu manta da sanƙarau da ya ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025 ba, dattawan da ke nan kuma suna tuna ta'asar da ya yi a Arewa a 1996. Ga amai da gudawa duk lokacin ambaliya, ga ƙyanda, ga mashaƙo da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023, ga tarin fuka da ke cin mutane a ɓoye. Da yawansu da zazzaɓi suke farawa, kuma ma'aikacin ƙauye ne zai fara lura cewa yara uku daga unguwa ɗaya sun zo da sanƙarewar wuya ya kira jami'in sa ido na ƙaramar hukuma kafin abu ya bazu. In ba shi da kuɗin kati a waya ko man babur to labari zai isa Birnin Kebbi ne bayan an fara jana'iza. Mun ga amfanin irin wannan tsari a ƙasar nan, ma'aikatan da aka horar don shan inna su aka ɗauka suka bi sawun Ebola a Legas a 2014 aka kashe wutar cikin 'yan watanni, shi kansa shan innan da aka ce ba zai bar Arewa ba an tabbatar da kawar da asalin ƙwayarsa da ake kira ta daji a Agustan 2020, kurkunu kuwa tun 2013 aka ba mu shaidar rabuwa da shi, yaranmu na yanzu ba su ma san shi ba. Maleriya ta fi su wuya, na yarda, amma Aljeriya ta rabu da ita a 2019, Masar ma da ke noma a bakin kogin Nilu ta samu shaidarta a Oktoban 2024.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kai ba don ka fi mu sani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci irin namu, roƙonmu shi ne kuɗin ya riƙa isowa a kan lokaci kuma a liƙa lissafinsa a bango kowa ya gani, mu 'yan kwamiti mun yarda a fara bincike da mu. Kuma tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje a farkon 2025 kowa ya ga haɗarin jingina lafiyar 'ya'yanmu da aljihun wasu. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya, muna roƙonka ka zama bakinmu a majalisar zartarwa duk lokacin da ake rabon kasafi.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Akwai laifinmu a ciki, gidan sauron da aka bayar don yaro da uwarsa su kwana a ciki wasu sun kewaye lambu da shi wasu na kamun kifi da shi, wasu kuma sun ce zafi, suna shimfiɗa a tsakar gida ba kariya alhali sauron maleriya da dare yake cizo. Mun zauna da Uban ƙasa da limamai mun amince za a riƙa tunatarwa a huɗubar Juma'a da wajen suna, masu unguwanni za su riƙa ba asibiti sunan duk jaririn da aka haifa don kada allurarsa ta wuce, matasa za su riƙa yashe kwata da cike kududdufan cikin gari, sannan 'yan acaba da direbobinmu sun yarda duk maigidan da ya buga musu ƙofa da dare don mara lafiya za su fita, a yi maganar kuɗi daga baya. Ga maza 'yan uwana kuma, don Allah a ba mata izini tun kafin a fita, kada yaro ya kwana da zazzaɓi ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Ranka shi daɗe bayan an kammala jawabai muna roƙon ka shiga ciki ka duba ɗakin haihuwa da firij ɗin allura da kabad ɗin magani, ka buɗe rijistar watan jiya ka gani da idonka, ka kuma ba malamanmu da iyayenmu mata 'yan mintuna su yi maka bayani da bakinsu. Ga takardar bukatunmu za mu miƙa maka ta hannun Mai girma Uban ƙasa.

Allah ya saka da alheri, ya yi maka jagora a wannan aiki, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Sannu da zuwa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.