Haƙoran Faranti da Gwiwar Mahayi: Zaɓen Giyar Keke a Ƙasar Kebbi

An ɗauko wannan ne daga laccar da wani dattijo mai gyaran kekuna ya yi wa matasa mahaya keke a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena, da ku 'ya'yana, sannunku da zuwa.

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin samari idan sun kawo gyara: "Baba, a sa mani babban faranti, ai ƙasarmu ba tudu." Gaskiya ne, daga nan zuwa Kalgo ko Argungu ba ka gamuwa da hawa irin ta ƙasar Zuru. To amma kafin mutum ya ce a canja masa wani abu, ya fara durƙusawa ya ƙirga haƙoran kekensa.

Lissafin ba wuya. Ka ƙirga haƙoran farantin gaba, wanda feda ke juyawa, ka ƙirga na firiwil ɗin baya, ka raba na gaba da na baya. Abin da ya fito shi ne sau nawa tayar baya ke zagayawa idan ƙafarka ta kewaya sau ɗaya. Ɗauki baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, mai taya inci 28. Tayarsa na cin mita 2.2 da 'yan kai a zagaye guda. In yana da 44 a gaba, 18 a baya, kowane tuƙi zai kai ka kusan mita biyar da rabi. Ka juya ƙafa sau 60 a minti, kana tafiyar kusan kilomita 20 a awa ke nan.

Yanzu ga yaron da ya ce a sa masa 48 a gaba, 16 a baya. Tuƙinsa ɗaya mita 6.7 ne, abin da daɗin ji. Sai dai ƙarfin jikinsa bai ƙaru ba, don haka kilomita 20 ɗin nan dai zai yi, ƙafarsa kuma ta koma juyawa sau 50 a minti, kowane taki yana danna feda da dukkan nauyinsa. Gwiwa ce ke biyan wannan bashi. Shi kuwa wanda ya bar 44 ya sa 20 a baya, yana juya ƙafa sau 70 cikin sauƙi, gudunsu ɗaya, ya kuma isa gida da sauran ƙarfin da zai yi aikin gona. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don ina ganin samari suna dafa gwiwa tun ba su aje iyali ba.

Kuma ku lura, muna da tudun da ido ba ya gani, wato iska. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska daga arewa maso gabas take tasowa. Argungu kuwa can take, arewa maso gabas da mu. Duk wanda ya kama hanyarta da sanyin safiya ya san yadda iska ke tokare ƙirji, kuma ba ta da gangara a gaba inda za ka huta. Masana sun auna cewa in kana son ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da za ka kashe wajen keta iska sai ya ninka sau takwas. Babban faranti ba ya rage maka ko ɗigo daga wannan.

Sai rairayi da kaya. Manomin da zai ɗora buhun shinkafa a kan kariya ya fito da shi daga fadama, ta hanyar da taya ke nutsewa, ni 20 nake sa masa a baya, wani lokaci ma 22. Da 44 da 22, taya na zagayawa sau biyu daidai a kowane tuƙi. Ba zai tsere wa kowa ba, amma ba zai sauka ya tura ba.

Wani ɗana daga baya can yana tambaya ko gaba za a canja ko baya. Baya, ɗana. Firiwil ya fi araha, ya fi sauƙin kwancewa, kuma haƙori ɗaya a baya ya fi biyu na gaba tasiri. Ka dai tuna in haƙora sun ƙaru da yawa kaca za ta nemi ƙari, kuma kada ka haɗa sabon firiwil da tsohuwar kacar da ta riga ta miƙe, za ta riƙa tsallake ta cinye maka haƙora.

Bari in juyo gare ku masu keken tsere, ku da ke fita kan kwalta da asuba. Kekunan da ake kawowa na hannu galibi suna zuwa da faranti biyu, ko 53 da 39, ko 52 da 36, ko 50 da 34. Kowa 53 yake so. To ku yi lissafi: 53 a gaba da 11 a baya, ƙafa na juyawa sau 90 a minti, gudun kusan kilomita 55 ne a awa. Wa ke riƙe wannan a cikinmu? A 1972, a birnin Meziko, Eddy Merckx ɗan ƙasar Beljiyam ya ci kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a filin tsere shimfiɗaɗɗe, babu rami babu yashi. Da 52 da 14 ya yi wannan, ƙafarsa na kewayawa sama da sau 100 a minti. Zakaran duniya ke nan a zamaninsa, da saurin ƙafa ya yi aiki. Ni a ganina 50 ta ishe ku har ta yi yawa. Da 50 da 17, a juyi 90, kuna kan kilomita 33 a awa, kaca tana zaune a tsakiyar haƙoran baya, a miƙe, ba ta karkata ba. Ku guji haɗa babban gaba da babban baya, ko ƙaramin gaba da ƙaramin baya, don karkatar nan ita ke cin kaca, balle ga ƙurarmu da ke manne wa mai.

In kuna da halin zaɓe, ku nemi jerin haƙoran baya da ke kusa da juna, irin 14, 15, 16, 17. A shimfiɗaɗɗiyar hanya abin da ake buƙata shi ne ɗan gyara kaɗan idan iska ta sauya. Masu keken hawan dutse mai faranti uku, babban nasu 42 ko 44 ne, kuma ya isa zirga-zirgar gari da ƙauye.

Gwajin da za ku yi gobe shi ne wannan. Ku hau hanyar da kuka saba, ɗan'uwa ya riƙe agogo, ku ƙirga sau nawa gwiwar dama ke tasowa cikin minti guda. Mai baƙin keke da ya samu ƙasa da 60, ya ƙara haƙori biyu a baya. Mai keken tsere da ya samu ƙasa da 80, ya sassauta giya ɗaya ya sake ƙirgawa. Wanda ya zo da kekensa, ya shigo da shi bayan sallar La'asar mu ƙirga tare. Wassalamu alaikum.