Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina, Ranar da Ya Ziyarci 'Yan Sa-kai Masu Tattara Tarihin Birnin Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa.

Mai Girma Kwamishina, babban baƙonmu na yau, da 'yan tawagarsa, iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, shugabannin makarantu da ɗalibansu, 'yan uwana 'yan ƙungiya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin dattawan wannan ƙungiya da matasanta, maza da mata, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san irin ayyukan da ka baro a ofis. Da ka aiko wakili ma da mun gode, amma sai ka tako da ƙafarka. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Bari in fara da gaya maka ko su wane ne ka zo wurinsu. A cikinmu akwai malaman firamare da na sakandare, akwai 'yan fansho, akwai 'yan kasuwar Kurmi da na Kantin Kwari, akwai ɗaliban jami'a, akwai tela, akwai magini, akwai matan aure da suke fitowa bayan sun sauke tukunya. Babu mai karɓar albashi a kan wannan aiki a cikinmu. Kuɗin mota da na kati da na goron da muke kai wa dattawa, duk karo-karo ne. Abin da ya haɗa mu shi ne mun ga tarihin garin nan yana zubewa a gaban idonmu, muka ce ba za mu naɗe hannu muna kallo ba.

Kano ba ta rasa rubutaccen tarihi ba, alhamdulillahi. Littafin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Bature Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, ya jero mana sarakuna tun daga Bagauda. Ya ba mu labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, da zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da ayyukan Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina gidan sarauta, ya kafa kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili. Garuruwa kaɗan ne a ƙasar baƙar fata suke da irin wannan gado. Sai dai littafin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Ba za ka sami labarin marinin da ya ƙare rayuwarsa a bakin karofi ba, ko na falken da ya yi wata da watanni a hanyar Gwanja da jakunansa yana neman goro, ko na matar da ta yi kaɗi da fitilar aci-bal-bal har ta aurar da 'ya'yanta. Su ne suka sa sunan Kano ya kai Tarabulus. Labarinsu yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa kullum sai mun raka wani makwancinsa.

Shi ya sa aikin da muka fi ba ƙarfi shi ne zama da dattawa. Da wuya wanda bai taɓa yi ba ya gane yadda yake. Ba a zuwa wa dattijo da takardar tambayoyi a hannu. Sai an bi ta wurin mai unguwa ko limami, a sa rana, yawanci bayan la'asar. A shimfiɗa tabarma a soro, a gaisa, a sake gaisawa, ya tambayi kai ɗan wane ne, jikan wane ne, har sai ya gano inda ya san gidanku. Sannan a nemi izininsa a ajiye waya a gefen tabarma tana ɗauka. Zaman farko sau da yawa ba a samun komai sai sabo. A zama na biyu ko na uku ne bakin yake buɗewa.

Akwai wani tsohon ɗan dako da yaranmu suka zauna da shi, wanda ya yi aikin dalar gyaɗa yana saurayi. Kowa ya ga hoton dalar gyaɗa, kowa ya san cinikin ya bunƙasa ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kowa ya ji sunan Alhassan Ɗantata. To amma yadda ake jera buhunan, yadda ake barin matakala a jikin dalar da buhunan kansu, yadda mutum yake hawa da buhu a ka ba tare da ya dafa komai ba, da waƙar da suke yi don kada ƙafa ta saɓa, wannan sai a bakinsa muka ji. Da ya zo kan waƙar, miƙewa ya yi, jikokinsa na riƙe shi, ya taka mana yadda suke takawa. Allah ya yi masa rasuwa kafin damina ta zagayo. Muryarsa tana nan wurinmu, kuma mun ba iyalansa kwafi, don wannan ƙa'ida ce a wurinmu: duk abin da muka ɗauka a gida, sai mun mayar wa masu gidan nasu.

Haka muka zauna da waɗanda suka yi gwagwarmayar jam'iyyar NEPU tun bayan kafa ta a 1950, waɗanda suka sha ɗauri saboda ita, da kuma waɗanda suke ɗaya ɓangaren, domin mu ba alƙalai ba ne, kowa muna rubuta nasa yadda ya faɗa. Mun zauna da jikokin mahajjatan da suka tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu suka dawo bayan shekaru, wasu suka zauna can har yau zuri'arsu na nan. Mun bi unguwanni irin su Sharifai da Madabo da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa, muna tambayar su wa suka fara zama, daga ina suka zo, me suka zo da shi na sana'a.

A nan dole in jinjina wa matan ƙungiyar nan. Namiji iyakarsa soro. Su ne suke shiga cikin gida, su zauna da tsohuwa a ɗakinta, su samo waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno, da yadda ake jeren ɗakin amarya kafin zuwan kwanukan zamani, da asalin auratayya tsakanin gidaje, wanda wallahi tsofaffi mata sun fi maza riƙe shi. Ba don su ba, da rabin tarihin muka tara.

Aiki na biyu shi ne na tsofaffin takardu. Ranka ya daɗe, gidajen malamai da na attajirai na cikin birni cike suke da rubuce-rubucen hannu, na Larabci da na ajami: littattafan fiƙihu, waƙoƙin wa'azi, wasiƙun kasuwanci, takardun gado da na cinikin gida. Suna cikin gafaka, gafakar tana cikin adaka, adakar tana ƙarƙashin gado a ɗakin da yake yoyo. Mun buɗe wata adaka da magada suka ce tun rasuwar kakansu ba a taɓa ta ba. Gafakar sama lafiya lau, tawadar tana ƙyalli, jan da aka yi wasali da shi bai dushe ba. Ta ƙasa kuwa da aka ɗaga sai gari, gara ta gama da ita. Babu wanda ya san abin da yake ciki, kuma babu wanda zai sani har abada. Dattijon gidan bai ce komai ba, sai hawaye.

Abin da muke yi mai sauƙi ne. A wanke hannu, a shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, a riƙa ɗaga warƙa ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar hoto. Tunda ba a ɗinke irin waɗannan littattafai, kuma ba su da lambar shafi, idan sun hargitse sai malamanmu su bi kalmar da marubuci yake ajiyewa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, su mayar da kowace warƙa mazauninta. Aiki ne mai cin rai, littafi ɗaya yakan cinye yini. Ba ma fita da ko warƙa ɗaya daga gidan mutane, kuma muna roƙonsu kada su sayar wa dillalan da suke zagayawa suna taya irin waɗannan takardu da kuɗin cefane.

Sai ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, Rumfa ya faɗaɗa, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Da Bature Lugga ya gan ta a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Tana cikin abubuwan tarihi na ƙasa da doka ta kare, kuma tun 2007 sunanta yana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Amma ka bi ta daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, ka zagaya Kabuga da Kansakali, za ka ga abin da zai dame ka. Wani wuri an haƙe ƙasar an yi gini da ita, wani wuri an mayar juji, wani wuri an yanka fili an dasa shago. Ruwan sama yana nasa, amma ɓarnar hannu ta fi. Ginin ƙasa yaɓe yake so a kai a kai, kuma da can aikin gayya ne, kowace unguwa da nata yankin. Da aka daina gayyar, ganuwar ta zama marainiya.

Mu ba mu da ikon hana kowa. Abin da muke iyawa shi ne mu fito da tsintsiya da shebur da baro ranar Asabar mu kwashe shara, a ganuwa da kuma matakalar Dala, mu ɗauki hoton kowane yanki don a san yadda yake a bana, mu kai rahoto inda ya dace idan mun ga an fara haƙa. Maginin da yake cikinmu yana koya wa samari yadda ake kwaɓa ƙasa da ramno, a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali, a yi yaɓe da makuba. Masu wannan sani saura kaɗan.

Muna kuma ɗaukar 'yan makaranta mu kai su Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna kafin ya gina fada, da Gidan Ɗan Hausa, da marinar Ƙofar Mata. Shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu sun yi mana illa, har aka sami yaron da aka haifa a Gwammaja, kullum yana ganin Dala, bai taɓa jin sunan Barbushe ba. Mun gode wa Allah da aka dawo da darasin. Idan ka ga yadda yara suke yin tsit a gaban tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari a Gidan Makama, suna tambayar wa ya ƙera, da me aka ɗauko, za ka san ba ƙin tarihi suke yi ba, ba a nuna musu ba ne.

Ranka ya daɗe, ba a tarbar baƙo da koke, amma kai uba ne, kuma ba kullum muke samunka ba. Babbar damuwarmu ita ce wurin ajiya. Duk muryoyin nan da hotunan nan suna cikin wayoyi da kwamfutocin 'yan ƙungiya, a gidajensu. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta. Muna roƙon a ba mu ɗaki ko guda ne, mai tsaro, wanda ba ya yoyo, a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, inda za a adana kwafi, ɗalibi ko manazarci ya zo ya saurara. Muna roƙon a haɗa matasanmu da ƙwararru na Gidan Arewa da ke Kaduna da na Jami'ar Bayero, su koya musu adana takardu yadda ya kamata, domin abin da muke yi yanzu iya saninmu ne. Muna roƙon takarda daga ofishinka zuwa makarantu, don shugabanni su sami ƙwarin gwiwar sakin yara su fito ziyara. Game da ganuwa kuwa, a kafa alamar iyaka a abin da ya rage, a sa masu unguwanni a cikin tsaronta, a kira magina na gargajiya a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Idan gwamnati ta kawo ƙasa da kayan aiki, mu za mu kawo hannu, kuma na yi maka alkawari a gaban iyayenmu cewa ba za a nemi mutane a rasa ba.

Ina miƙa godiya ga masu unguwannin da suke buɗe mana ƙofa, da gidajen da suka amince mana da amanar kakanninsu, da dattawan da suka ba mu lokacinsu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makomarsu.

Bayan an saurari jawabinka, za mu roƙe ka ka leƙa ɗakin da ke hannun dama, inda muka baje hotunan takardun da masu su suka yarda a nuna, ka kuma saurari kaɗan daga muryoyin da muka ɗauka. Daga nan, idan lokaci ya ba ka dama, sai mu taka tare zuwa bakin ganuwa ka ga inda samarinmu suka gwada yaɓe.

Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Allah ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.