Ɗan wasan dandamali a zango, wa ke biyansa?

Assalamu alaikum jama'ar Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina, da 'yan uwanmu na Kumasi su Aboabo da Asawase, barkanku da war haka. Bidiyon yau kan 'yan wasan kwaikwayo ne, amma ba na fim ba, na dandamali nake nufi, masu tsayawa gaban mutane ido da ido, babu kamara babu a sake, in ka manta maganarka to a gaban kowa ka manta ta. Kuma a cikinsu ma ƙananan ƙungiyoyin nan masu cin gashin kansu za mu duba.

Saboda kala-kala ne. In ka je National Theatre nan Akra, ginin da 'yan Sin suka yi aka buɗe a 1992, akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasa a ciki, Abibigromma, su gwamnati ce ke riƙe da su. Akwai kuma manya irin su Uncle Ebo Whyte da kamfaninsa Roverman, wanda tun 2008 yake fitar da sabon wasa duk bayan wata uku, ga Latif Abubakar na Globe Productions, waɗannan suna da masu ɗaukar nauyi, ana tallarsu a rediyo da talabijin. Sai kuma sauran, samari da 'yan mata da suka haɗa kansu a unguwa, darakta shi ne marubuci shi ne mai neman wuri, wani lokaci ma shi ne mai ɗaukar benci.

To ya rayuwar irin wannan ɗan wasa take? Abu na farko, da rana ba ɗan wasa ba ne. Tela ne, ko malamin makaranta, ko mai gyaran waya a Circle, ko tana zaune a rumfar MoMo ta tura kuɗi ta waya, ko yana taya uwarsa kasuwa a Kejetia. Sai an yi Magariba ko Isha'i a tattara a ajin wata makaranta da aka roƙi hedimasta ya bari, a ture bencina gefe, a ɗauki alli a zana a ƙasa, nan ƙofa, nan gado, nan bakin dandamali kar ka wuce. Sikirif ɗin, wato rubutun wasan, a WhatsApp aka turo shi saboda buga takarda kuɗi ne, kowa na karanta nasa a waya, in wuta ta ɗauke a jingina wayoyi biyu uku a taga a kunna tocilan a ci gaba. Haka za a yi ta yi sati da satittika, wani wasan har wata biyu ko uku, kuma duk wannan rihazal ɗin ba a biya, kuɗin trotro zuwa da dawowa daga aljihunka yake fita.

Ni abin da ya fi burge ni a wurin nan shi ne aikin murya. Darakta zai koma can ƙarshen aji ya jingina da bango, yarinya ta faɗi maganarta, ya ce ban ji ba. Ta sake, ya ce yanzu ihu kika yi, ba ihu na ce ba. Saboda a wasan an ce raɗa take wa mijinta, amma dole mutumin da ke layin ƙarshe ya ji kowace kalma, kuma ƙaramar ƙungiya ba kullum take da kuɗin hayar makirufo ga kowa ba. Sai ta koyi jan numfashi daga ciki maimakon maƙogwaro, ta koyi buɗe baki ta ƙarasa ƙarshen kalma, ta koyi yadda za ta yi magana da abokin wasanta ba tare da ta juya wa 'yan kallo baya ba. Sannan haddar ba ta maganarka kaɗai ba ce, sai ka san kalmar ƙarshe ta wanda ke gabanka domin ita ce alamar shigowarka, in ya tsallake layi kai ne za ka ɗinke ɓarakar nan take ba tare da kowa ya gane ba. In mutane suka fashe da dariya kuma ka dakata ta lafa, in ba haka ba maganarka ta gaba ta nutse. Wannan ba a koyonsa a gaban kamara wallahi, sai a gaban mutane.

Kuma kar wani ya ce abin baƙo ne. A ƙasar Hausa yara na yin tashe da azumi tun kaka da kakanni, mu nan kuma da yawanmu farkon tsayuwarmu gaban taro a makarantar Islamiyya ne ranar Maulidi, an naɗa maka rawanin da ya fi kanka an manna maka gemun auduga. Gana kanta tana da tsohon tarihi, concert party, ƙungiyoyin da ke yawo gari-gari da makaɗa suna wasa cikin dare, su Bob Johnson tun wajen 1930, daga baya E.K. Nyame ya mai da wasan cikin yaren Akan, talakawa suka rungume shi. Efua Sutherland ta buɗe Drama Studio a Akra a 1961, ta gina shi da siffar tsakar gida, sama a buɗe, shi aka rushe aka gina National Theatre a wurin, aka sake yin irinsa a jami'ar Legon. Abin da ya karya 'yan concert party shi ne dokar hana fita da dare bayan juyin mulkin 1981, sana'ar dare ce, dare kuma ya rufe, kafin su farfaɗo bidiyo ya shigo gidaje. A shekarun 1990 Key Soap Concert Party ya dawo da su National Theatre da talabijin, daga nan Agya Koo ya yi suna kafin ya koma fim ɗin Kumasi.

Yanzu maganar kuɗi, nan ne ciwon yake. Kafin a buɗe labule an riga an kashe kuɗin zaure, kuma masu zaure sai an ba su kafin alƙalami tun da wuri, ga mai sifika, ga mai fitila, ga janareta da mansa ko da akwai wuta saboda ba a yarda da ita, ga fosta, ga hayar kujeru, ga motar da za ta kwashi kaya. Duk waɗannan kuɗinsu a yanke yake, an cika ko ba a cika ba sai an biya su. Ɗan wasa shi ne na ƙarshe a layi, abin da ya rage shi ake rabawa, in bai rage ba a ce Allah ya saka da alheri. Shi ya sa babban zauren National Theatre mai cin mutum kusan 1,500 ba na ƙaramar ƙungiya ba ne, sai dai su nemi ƙaramin wuri, ko filin Alliance Française in an dace, ko Cultural Centre a Kumasi, ko harabar makaranta a kafa kanofi.

A nan ina da ƙorafi a kanmu. Mutum zai sayi kati ya kalli fim ɗin Kano dare guda, zai yi anko na biki, amma ƙaninsa na wasa sai ya ce ai namu ne, a ba ni tikiti biyar ni da abokaina. Wannan tikiti biyar ɗin kuɗin motar yaran nan ne fa. Kuma sayen tikiti tun kafin ranar ta MoMo ya fi amfani nesa ba kusa ba, da shi ake biyan kafin alƙalamin zaure.

Akwai kuma maganar gida, musamman ga 'yan mata. Rihazal da dare, maza da mata wuri ɗaya, dole iyaye su yi tambaya kuma suna da gaskiya. Daraktan da ya san abin da yake yi ba ya aika saƙo, da kansa yake zuwa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Alhaji mun zo neman alfarma ne, ga labarin wasan, ga lokacin da muke tashi, yayanta zai iya zuwa ya zauna ya raka ta gida. Wani uban ya ce Allah ya ba da sa'a, wani ya ce a'a, kuma shi kenan an rasa jaruma mai kyau.

In ɗan zango ya fita ya je odishin a wajen unguwa yana da makami babba, yana jin Hausa yana jin Tonanci da Turanci da burokan, wani har da Ga, zai iya sauya yare a tsakiyar magana 'yan kallo su bi shi. Amma sau da yawa rol ɗin da ake miƙa masa mai gadi ne, ko mai tsire, ko malamin tsibbu, ko ɗan daba, kuma a ce ya karya Turancinsa don a yi dariya. Wannan abin yana min zafi. Mohammed Ben Abdallah, haifaffen Kumasi a 1944, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi da al'adu zamanin gwamnatin soja ta PNDC, ya rubuta The Trial of Mallam Ilya ya ɗora malami a tsakiyar labari, shi ne jigon wasan gaba ɗaya. Ƙananan ƙungiyoyinmu abin da suke ƙoƙarin yi ke nan, su rubuta namu da kansu, rikicin gado a gidan haya, saurayin da ya sai da keken ɗinkinsa zai bi ta Libiya, uwar da ke dafa wake da shinkafa tun Asuba tana biyan kuɗin makaranta.

Ina ake samun ɗan abin kashewa to? Mafi yawa daga wasan wayar da kai, ƙungiyoyin agaji ko ma'aikatan lafiya su ɗauki ƙungiya ta yi wasa a kasuwa ko tasha kan kwalara ko rigakafi ko zaman lafiya lokacin zaɓe, wannan ana biya. Wasu kuma suna yanka gajerun barkwanci su sa a TikTok don a san fuskarsu. Lokacin wasa mai kyau bayan Sallah ne da kuma Disamba, da azumi kuwa rihazal ɗin dare tsayawa yake saboda Tarawihi.

Wanda ke sha'awar shiga, ba sai ka jira an ba ka rol ba, je ka zauna a rihazal, riƙe sikirif kana tuna wa masu mantuwa, zo da wuri, darakta yana lura da wanda ba ya latti. In kana son karatun abin kuma akwai School of Performing Arts a Legon. A bidiyo na gaba za mu shiga bayan labule mu ga masu kwalliya da masu fitila da telan da ke ɗinka kayan wasa.