Darasi: Yadda Na'ura Ke Amsa Wa Kanta Sallama

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma daga nan Jidda. Yau kan wayar nan mai fil tara za mu buɗe, wato DB-9, irin wanda kuke gani a bayan sikelin masu dabino da tsofaffin firintocin rasit. Kar ku raina shi. Tsarinsa, RS-232, tun shekarun 1960 yake aiki, ya girmi yawancinmu.

To, saƙo kansa fil uku kawai yake buƙata: na 3 yana aikawa, na 2 yana karɓa, na 5 kuma shi ne na ƙasa, wato "ground", wanda ake auna wutar sauran da shi. Sauran fa? Yawancinsu na sallama ne. A gidan mutunci ba ka faɗawa ciki sai an amsa maka. Haka kwamfuta take. Sai ta ɗaga fil na 7, RTS, kamar ta ce "salamu alaikum, in shigo?" Ɗaya ɓangaren ya amsa ta fil na 8, CTS: "bisimilla." Fil na 4, DTR, da na 6, DSR, su kuma tambayar "mai gida yana nan?" ce. Ɗagawar nan wuta ce, tsakanin bolt 3 zuwa 15. Yaro, miƙo min mitar nan su gani. Kun ga allurar ta motsa?

Yanzu ga inda ake shan wahala. Wani ya ja waya mai zare uku daga kanta zuwa sito, manhaja kuma ta kafe, ta ce ba ta aika ko harafi sai an amsa mata. Ka duba komai lafiya, amma shiru. Nan dabarar take. Ka ɗauki guntun waya ka haɗa 7 da 8 da dalma, a cikin kan wayar. Sannan ka haɗa 4 da 6 da 1 (na 1 shi ne DCD, mai shaida cewa layi ya haɗu). Shi ke nan. Kwamfuta ta yi sallama, muryarta ta dawo mata, ta zaci an ce ta shigo. Ku kula, lambobin suna rubuce ƙanana a jikin robar, kuma idan ka juyo bayan kan wayar, dama ta koma hagu. Ni kaina na taɓa lalata guda biyu a kan wannan.

Amma fa, tsakani da Allah, wannan yaudara ce. Firinta ba ta ce komai ba. A gudun 9600, wato bit 9600 a daƙiƙa, haruffa 960 ke shiga kowace daƙiƙa. Lokacin aikin Hajji, layi ya yi tsawo, takarda ta ƙare, firinta ba ta da bakin cewa "dakata", sai ma'ajiyarta ta cika, rabin rasit ya ɓace. Ga sikeli mai turo 'yan lambobi, babu laifi. Ga firinta kuwa, ni ban yarda da ita ita kaɗai ba.

In dole ne zare uku, shiga saitin ɓangarorin biyu ka kunna XON/XOFF. Nan sallamar tana bin cikin saƙon: harafi mai lamba 19 ya ce tsaya, mai lamba 17 ya ce ci gaba. Sai dai kar ka yi haka da bayanan da ba rubutu ba, don 19 na iya faɗowa tsakiyarsu, komai ya daskare.

Yaro, jona dalmar ta yi zafi, mu fara da 7 da 8.